Ciki, Jego da Jari: Yadda Cututtuka Ke Haɗuwa a Gidan Sababbin Ma'aurata

Tsakanin ranar da aka ɗaura wa saurayi da budurwa aure da ranar da aka yaye ɗansu na fari, galibi ba a wuce shekara uku. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci ne gidan yake fuskantar haɗarin rashin lafiya mafi yawa, kuma a cikinsa ne jarin maigidan yake mafi rauni, domin bai daɗe da fitowa daga hidimar biki ba. Masu nazarin kiwon lafiya sun daɗe da lura cewa matsalolin wannan lokaci ba sa jiran juna. Ƙarancin jini yakan tarar da zazzaɓin cizon sauro a jiki guda, ciwon da ke jikin miji yakan isa ga mata ya zarce ga jariri, sa'an nan kuɗin maganin dukkansu daga aljihu ɗaya yake fita. Wannan shi ya sa batun ya shafi kasuwa kamar yadda ya shafi asibiti.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Afrilu na 2025 ya ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 a dalilin ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Haka kuma binciken yawan jama'a da lafiyarsu na ƙasa, wanda aka gudanar daga 2023 zuwa 2024, ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 41 ba sa cika wata guda a duniya, kuma kashi 46 cikin 100 ne kawai na haihuwa ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓa. Alƙaluman mace-macen ba su ƙunshi matan da suka tsira da rai amma suka tashi da ciwon zuciya ko yoyon fitsari ba, balle tebura da shagunan da aka rufe saboda an cinye uwar kuɗi a jinya.

Jiki ɗaya, cututtuka da yawa

Idan mace ta ɗauki ciki, yawan jinin da ke zagaya jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, saboda haka bukatarta ta sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake ƙera jini, takan ƙaru ƙwarai. Idan yarinya ce da ba ta kai shekara 20 ba, to ita kanta ba ta gama girma ba, ke nan ita da abin da ke cikinta suna rabon abinci guda. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na mata masu ciki suna da ƙarancin jini, kuma kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kusan kashi 29 cikin 100.

A kan wannan rauni ne zazzaɓin cizon sauro yake sauka. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kuma ƙwayoyin cutar suna da ɗabi'ar maƙalewa a mabiyiya, musamman a cikin fari, lokacin da jikin mace bai taɓa yin arangama da su a wannan wuri ba. Suna fasa jinin uwa, suna kuma rage abincin da ke isa ga ɗan tayi, abin da ke jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini tamkar ɗan kasuwa ne da ya shiga lokacin tsada ba shi da ajiya: zubar jinin da wata za ta jure ta tashi, ita yana iya kai ta kabari.

Bugu da ƙari, mai cikin fari, musamman mai ƙananan shekaru, ta fi sauran mata shiga haɗarin hawan jini na masu ciki, wanda idan ya yi tsanani yake kai ga jijjiga. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, kuma ana iya gano shi tun da wuri ta hanyar awon jini da gwajin fitsari, waɗanda suna cikin mafi araha a duk ayyukan asibiti. Akwai kuma doguwar naƙuda, inda kan jariri yake kasa ratsa ƙugun da bai gama buɗewa ba. Ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, ciwon da ya sa aka kafa cibiyoyi na musamman a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi, da Abakaliki.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. A shekarar 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga sakamakon nazarin haihuwa 22,774 da aka karɓa a asibiti a Zariya, inda ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da naƙuda ta gagara. Ya kuma nuna cewa 'yan mata masu ciki da aka ba su maganin zazzaɓi da magungunan ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo a lokacin da suke ɗauke da cikin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun daga 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, ta kwana cikin gidan sauro, kuma daga wata na huɗu a ba ta ƙwayar rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansidar aƙalla sau uku, da tazarar wata guda a tsakani. Sai dai kunyar cikin fari takan sa amarya ta ɓoye cikin har sai ya fito da kansa, alhali kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da miji yake kawowa

An saba ɗaukar ciki da haihuwa a matsayin sha'anin mata, amma wani kaso mai yawa na haɗarin daga wajen miji yake fitowa. Na farko shi ne gadon jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jini mai alamar AS, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa kowace shekara da amosanin jini, wato sikila, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Abin lura a nan shi ne lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, saboda haka samun ɗa mai sikila a haihuwar fari ba ya nufin uku masu zuwa sun tsira. Gidan da yake da irin wannan yaro ya ɗauki nauyin magani da ƙarin jini da kwanciya asibiti na shekaru masu yawa. Domin haka ne Jihar Kano ta kafa doka a 2024 wadda ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere kafin a ɗaura.

Na biyu su ne cututtukan da ma'aurata suke ba juna. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, yayin da ciwon hanta nau'in B ya kama kimanin kashi 8 cikin 100 na manya. Idan ba a ɗauki mataki ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin jarirai 100 da uwa mai ƙanjamau ta haifa za su kamu, amma idan tana shan magani a kan ƙa'ida adadin yakan faɗo ƙasa da biyar. Jaririn da ya ɗauki ciwon hanta nau'in B a wajen haihuwa kuwa, sau tara cikin goma da shi zai girma, kuma allurar da ke kare shi ana son a yi ta cikin awa 24 na farko. Gidan da aka haihu a ɗaki, aka kuma ce jariri ba ya fita sai bayan suna, ya riga ya rasa wannan dama. Tunjere yana warkewa da allurar fenisilin, amma idan aka yi wa mata magani aka bar miji, ciwon zai komo, kuɗin da aka kashe kuma ya tafi a banza.

Na uku shi ne yanayin neman abincin mijin kansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kuma abin ya fi yawa a tsakanin masu shekara 25 zuwa 39, wato daidai shekarun sababbin magidanta. Da yawa daga masu dako, da 'yan acaɓa, da direbobin dare sukan fara shan tiramol ne domin su jure aiki idan nauyin gida ya ƙaru, daga nan ya zama jiki. Ƙarshensa shi ne haɗarin hanya, ko faɗuwa irin ta farfaɗiya, ko saurin hannu ga matar da ke ɗauke da ciki, ga kuma kuɗin cefane da yake tafiya a kemis. A gidan da mutum ɗaya ne yake nema, karayar ƙafar maigida a watan haihuwa daidai take da rufe shago.

Akwai kuma haɗarin da su uku suke shaƙa tare. A ɗaki guda da ake girki da gawayi, ake kunna maganin sauro na hayaƙi, ake shan taba, ga kuma janareta a bakin ƙofa, hayaƙin yana rage nauyin ɗan tayi, yana jawo wa jariri ciwon haƙarƙari, kuma iskar janareta kan kashe iyali baki ɗaya suna barci ba tare da sun ji wari ba.

Kwana arba'in na jego

Da zarar an ji kukan jariri hankalin dangi yakan koma kan barka da shirin suna, alhali awa 24 na farko da makon farko su ne mafi haɗari ga uwa da ɗa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, da Kenya, da Tanzaniya, da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, aka kuma buga sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin auna jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna a lokaci guda da zarar ya wuce ƙima, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. Wannan taimako mai araha ne, amma sai wadda ta haihu a asibiti take samunsa.

Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda Arewacin Nijeriya yake cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun bayyana shi tun cikin shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Nazarin da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, ya fi ɗora nauyin a kan rama, da talauci, da rashin ilmi, da hawan jinin da aka yi fama da shi a lokacin ciki. Ke nan yarinyar da ta shiga ciki a rame, ta yi hawan jini ba a gano ba, ita ce ta fi kusa da wannan ciwo bayan haihuwa. Alamunsa su ne haki, da kasa kwanciya a miƙe, da tarin dare, da kumburin ƙafafu, kuma sau da yawa akan ce gajiyar haihuwa ce har sai ya yi nisa.

Jariri ma yana da nasa rabon. Shawara, wadda take sa ido da fata su yi ruwan ɗorawa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa idan ta yi yawa, kuma ƙwayoyin kafur da ake zubawa a akwatin kayan jarirai suna tayar da ita ga yaran da suka gaji wani rauni a jininsu. Gasa cibiya da tsumma ko shafa mata abin da aka ga dama yana shigar da ƙwayoyin cuta. Zubar da dakashi yana hana jariri rigakafinsa na farko. A 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayar da su nono zalla, kuma duk ranar da ciwo ya kwantar da uwa, sai gidan ya koma sayen madarar gwangwani, wadda tsadarta da ruwan da ake dama ta da shi kowanne matsala ne.

Damuwa ita ce ciwon da aka fi yin shiru a kansa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa takan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi baƙin ciki mai zurfi da ke hana barci da cin abinci da kula da jariri. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2010, wanda ya tattara bincike da yawa, ya gano cewa kimanin uba ɗaya cikin goma shi ma yakan shiga wannan hali, kuma idan ɗaya daga ma'auratan ya kamu, ɗayan ya fi kusa da kamuwa. A kasuwa abin yakan bayyana ne a matsayin kuskuren lissafi, da faɗa da masu saye, da makara, sai maigidan shago ya ɗauka yaronsa ne ya lalace.

Idan kuma aka yi kwanika, wato sabon ciki ya shiga tun ana goyo, to duk wannan zagaye zai sake farawa a jikin da bai mayar da jininsa ba, da kuma aljihun da bai biya bashin baya ba. Shawarar likitoci ita ce a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, wanda ya yi daidai da shayarwar shekara biyu da aka sani tun kaka da kakanni.

Lissafin kuɗi

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita kai tsaye. A binciken 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na maza da mata suke da inshorar lafiya, kuma kashi 46 cikin 100 na mata sun ce samun kuɗin magani shi ne babbar matsalarsu wajen zuwa asibiti. Zuwa ƙarshen 2024 masu inshora sun kai kimanin miliyan 19, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa hasarar takan zo ta fuska uku. Akwai kuɗin da ake gani, na gado da magani da jini da tiyata. Akwai kwanakin da tebur yake a rufe saboda maigida yana zirga-zirga tsakanin asibiti da kemis, tare da sana'ar matar ta cikin gida, ko ɗinki ko kitso ko suyar awara, wadda ita ma ta tsaya, zubin adashinta kuma ya karye. Sa'an nan akwai hasarar sayar da kaya cikin gaggawa, domin wanda asibiti yake jira ba ya iya cewa albarka, duk abin da aka taya sai ya sallama. Mai tumatir ko albasa ya fi kowa shan wannan, tun da kayansa ba sa jiran a sallamo maras lafiya. Idan kuwa kayan na bashi ne, to bayan jari har amanar da ke tsakaninsa da mai ba shi kaya tana iya tafiya.

Dukkan wannan yana faruwa ne ƙasa da shekara guda bayan an kashe kuɗin lefe, da sadaki, da hayar ɗaki, iyayen amarya kuma sun yi kayan ɗaki da gara, saboda haka gidajen biyu da za a nemi agaji a wurinsu su ma a bushe suke. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara sun ɗaga kuɗin mota da na magungunan da ake shigowa da su, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi abin da ake fara yankewa a gidan talaka shi ne nama, da ƙwai, da wake, da zuwa awo, wato daidai abubuwan da suke hana babbar hasara daga baya.

Gida biyu, aljihu ɗaya

Matasan Arewa da ke neman abinci a Mile 12 da mayankar Agege a Legas, ko Sabo da Bodija a Ibadan, ko kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, suna da wata matsala ta daban. Wasu sun baro amarya a gida wajen iyaye, da tazarar kilomita kusan 1,000 a tsakani, ta yadda idan naƙuda ta zo da gardama sai an jira an sami miji a waya ya ba da izini ya kuma turo kuɗi. Wasu sun taho da ita zango, inda ba ta da uwa ko yaya a kusa, ba ta kuma jin harshen da ake magana da shi a ɗakin awo. Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari take komawa gidan iyayenta idan haihuwa ta matso, tana da amfaninta, amma takan sa a yi doguwar tafiya da tsohon ciki, a bar katin awo a Kudu, a isa asibitin da bai san tarihin jininta ba.

Tun a 1994 masana suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na farko a hannun miji da dangi suke, kuma ana iya kawar da su tun ciki yana wata biyar, ta hanyar ba da izini tun kafin bukata ta taso, da ajiye kuɗin gaggawa a hannun wanda yake tare da matar, da sanin direban da za a kira cikin dare, da sanin 'yan'uwan da jininsu ya dace da nata.

Abin da doka ta tanada

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar maras lafiya na gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar inshorar lafiya da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta mayar da inshora wajibi, kuma akwai tsarin da mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya za su iya shiga ba tare da suna aikin gwamnati ba. Jihohi ma suna da nasu, kamar Ilera Eko a Legas. Tun da yake tsarin jiha da asibitocin jihar yake aiki, hikima ita ce a yi wa mace rajista a inda za ta haihu. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a asibitocin da aka zaɓa, ƙarƙashin wani shiri da ya fi mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 inda mutuwar masu haihuwa ta fi yawa.

Ga masu ɗaukar ma'aikata kuwa, Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, da kuma rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza hutun kwana 10 tun daga 2014, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da kwana 14 a 2021. Waɗannan biyu na ma'aikatan gwamnati ne, amma sun nuna inda aka dosa.

Abin da ya rage ga 'yan kasuwa

Babban ɗan kasuwa yana tsaye a wuri uku a cikin wannan al'amari: shi ne uban ango ko na amarya, shi ne maigidan yaran shago, kuma sau da yawa shi ne shugaba a ƙungiyar kasuwa. A matsayinsa na uba, shi ne yake da ikon cewa a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba, domin tun ran gini ran zane. A matsayinsa na maigida, barin yaronsa ya raka matarsa awon farko, a gwada su tare, da ba shi mako guda idan an haihu, ya fi masa araha a kan rasa amintaccen yaro da ya ɗauki shekaru yana koya masa ciniki, ko tarar da giɓi a cikin ciniki saboda yaron ya rasa inda zai sa kansa.

A matsayin ƙungiya kuwa, kasuwannin da suke iya tara kuɗin gadi, da na shara, da na kai gawa gida, suna iya tara na haihuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya yi wa 'ya'yanta rajistar inshora a dunƙule, ta ware asusun gaggawa da ake bayarwa rance ba tare da jinkiri ba, ta ajiye sunayen masu ba da jini da rukunin jininsu, ta kuma ƙulla yarjejeniya da direbobin tasha, kamar yadda ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta yi a wasu jihohin Arewa, inda aka horar da 'ya'yanta kai mata masu naƙuda asibiti. A zangunan Kudu, samun mace ɗaya mai jin harshen gari da za ta riƙa raka amare ɗakin awo yana iya sauya abubuwa da yawa.

Babu sabon magidancin da yake mantawa da tanadin ragon suna, wasu ma tun ciki yana ƙarami suke saye su ɗaure. Littafin da aka rubuta kuɗin rago a ciki, shi ya kamata ya ɗauki kuɗin awo, da na gwajin miji da mata, da na motar dare, da na jini. Waɗannan su ne suke tabbatar da cewa ranar suna uwa da ɗa suna nan da rai, washegari kuma shago ya buɗe.